Na'ura Da Shekarun Baba Masinja

A teburin mai shayi bayan isha'i. Ɗan Boko yana latsa waya, Baba Masinja yana jiran a fifita masa shayi.

Ɗan Boko: Kai jama'a kun ji abin da Ostareliya suka yi kuwa? Tun 10 ga Disamba 2025 duk yaron da bai kai shekara 16 ba an hana shi riƙe akawun a TikTok da Facebook da Instagram da Snapchat, har YouTube ma ba a bari ba.

Mai Shayi: To wa zai bi gida gida yana ƙwace waya, su ma Hisba gare su?

Ɗan Boko: Ba ruwansu da yaro ba ruwansu da ubansa, kamfanin za a damƙa. Tara har dala miliyan 49.5, dalarsu ta can.

Baba Masinja: Alhamdulillahi Turawa sun fara hankali. Jikana Abba tun da ya samu waya ko gaisuwa sai da kai, ka aike shi siyo gishiri ya dawo maka da rawa. Amma tsaya yaro, WhatsApp fa?

Ɗan Boko: Shi ba ya ciki Baba.

Baba Masinja: Yauwa. Don can ake turo mana maganin basir.

Mai Shayi: Ni abin da ban gane ba, ta ina waya za ta san shekarun mutum?

Ɗan Boko: Ko ka nuna katin shaida, ko ka ɗauki bidiyon fuskarka na'ura ta kintata.

Baba Masinja: Katin shaida wanne daga ciki?

Ɗan Boko: Kamar ya wanne Baba?

Baba Masinja: To ai ni shekaruna kashi uku ne. Akwai na Inna, Allah ya jiƙanta, ita ta ce an haife ni shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna aka yi mata hawan daba, 1956 kenan. Akwai na takardar rantsuwa da na yi a kotu, 1 ga Janairu, don duk wanda muka shiga layi da shi ranar nan 1 ga Janairu aka haife shi. Sai kuma na ofis, wanda saura shekara biyu in yi ritaya.

Mai Shayi: Haba Baba, tun zamanin Obasanjo nake jin saura biyun nan.

Baba Masinja: Kai zuba madara ka bar abin da bai shafe ka ba.

Mai Shayi: Ni dai kar a haɗa ni da na'urar fuska wallahi. Shekarata 28 amma hayaƙin icen nan da bashin mutane sun sa in ta kalle ni fansho za ta rubuta min.

Ɗan Boko: Ai tana kuskure, musamman tsakanin ɗan 15 da ɗan 17. A Ingila ma da suka fara tantancewar a Yulin 2025 kowa sai ya ruga ya sauke VPN, yana zaune a Landan waya tana cewa yana wata ƙasa, wasu ma fuskar mutumin cikin gem suka nuna mata ta ce bismillah shigo.

Sai ga Abba ya taho da wayar Baba a hannu.

Abba: Baba ga ta, na sa maka data.

Baba Masinja: Zo nan ja'iri. Da a Ostareliya kake da tuni an rufe ka ruf. Shekararka nawa a TikTok ɗin?

Abba: Saba'in.

Baba Masinja: Saba'in na ubanwa?

Abba: Naka na sa Baba, na Inna.

Mai Shayi: To in aka ce ka nuna fuska fa?

Abba: Ai Baba yana barci bayan azahar.

Baba Masinja: La'ilaha illallahu! To ni da ka buɗe min Facebook me ka sa min?

Abba: Na ce ka faɗa min, ka ce kar in kuskura in sa abin da 'yan ofis za su gani, shi ne na sa maka 2012.

Ɗan Boko: Baba ashe kai za a rufe.

Baba Masinja: A rufe ɗin! Abba tsaya tukuna kar ka tafi, zo ka nuna min inda ake goge shekarun nan kafin darakta ya gani ya ce ban isa aiki ba.