Agogo ya rikice bayan sabunta kanel? Kar a yi saurin ɗora wa kanel laifi

Jama'a masu Linux, a ganina yawancin zagin da kanel, wato zuciyar tsarin Linux, ke sha kan agogo bai ci ba bai sha ba. Sabunta kanel yana tilasta sake kunna na'ura, na'urar kuwa wata ta yi wata shida ba a kashe ta ba, intanet na gyara mata lokaci a ɓoye. Ciwon tsoho ne, sake kunnawar ce ta tona asirinsa.

Agogo biyu ne a kwamfuta. Akwai na kan bod (babban allon cikin kwamfuta), wanda ake kira RTC, mai tafiya da ƙaramin batiri CR2032 na bolt 3 ko da an zare wuta. Akwai kuma na kanel, wanda ke karanta na bod sau ɗaya lokacin tashi, daga nan ya ci gaba da ƙirgensa. Ka buga timedatectl za ka ga su biyun a jere.

Girman kuskuren shi ke nuna mai laifi. In awa ɗaya ce cif a Kano ko Yamai, rigimar UTC ce, wato ma'aunin lokaci na duniya: Linux na ɗaukar agogon bod yana kan UTC, Windows na rubuta masa lokacin gida, mu kuma muna gaban UTC da awa ɗaya. Duba layi na uku a /etc/adjtime, ko UTC ko LOCAL za ka gani. Ni dai a bar shi kan UTC, a je rajistar Windows (Registry, ma'ajiyar saitunansa) a sa RealTimeIsUniversal ya zama 1.

In kwanan wata ya koma shekarun baya, saitin BIOS (manhajar da ke kan bod) ma ya goge, batiri ne. Auna shi da mita, canja shi, shi ke nan.

Inda kanel ke da hannu da gaske shi ne ka tarar da 1 ga Janairu 1970, ko hwclock --show ya ce ya kasa isa ga agogon. Nan direba ne, wato manhajar da ke haɗa kanel da agogon, bai hau ba. Buga dmesg | grep -i rtc, ka nemi layin da ke cewa an yi wa rtc_cmos, direban agogon bod, rajista a matsayin rtc0. Babu shi? Duba ko /dev/rtc0 na nan. A ƙananan bod masu agogo biyu, irin wanda aka ƙara wa agogon DS3231 mai batiri, sabon kanel kan juya musu lamba, mai batirin ya zama rtc1, alhali kanel daga rtc0 yake ɗaukar lokaci. A ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi kuma a tabbatar layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231 bai ɓace daga config.txt ba.

Gwajin da ke raba gardama minti biyu ne: a GRUB, jerin zaɓin da ke fitowa lokacin tashi, zaɓi tsohon kanel, cire intanet, kunna. In lokaci ya daidaita, to sabon ne mai laifi, ka zauna kan tsohon har gyara ya fito.

Abin da ke ban haushi shi ne masu cewa "buga hwclock --systohc kawai". Wannan umarnin lokacin kanel yake kwafewa zuwa bod, in kanel ɗin na kan kuskure ka dasa kuskuren ke nan. Fara kunna timedatectl set-ntp true, jira ya nuna ya daidaita da intanet, sannan ka rubuta wa bod. Kai, in an daidaita ma kanel da kansa yake rubuta wa bod lokaci duk minti 11.