Abin da ya sa har yanzu nake ɗora allura a kan faifan garmaho

Ranar Lahadin da ta wuce, bayan sallar La'asar, ɗan yayata da ke karatu a nan Legas ya shigo ɗakina a Agege ya tarar da ni ina goge wani baƙin faifai da tsumma mai laushi. Ya tsaya yana kallona har na ɗora shi a kan garmaho na sauke allura, sannan ya ce, "Kawu, mene ne amfanin wannan wahalar, alhali duk waƙar da kake so tana cikin wayata?" Tambayarsa ta cancanci amsa, domin mutane da yawa suna ɗaukar masu son faifai a matsayin waɗanda zamani ya bari a baya.

Da farko, mutanen da suke sayen faifai a yau ba tsirarun tsofaffi ba ne. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41, faifan CD kuwa miliyan 33, kuma rabon da a ga hakan tun 1987. Shi faifan garmaho mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti guda, an yi ta yi masa jana'iza tun lokacin da Sony da Philips suka kawo CD a 1982, amma har yau masana'antu suna buga sababbi.

Ban yarda da abokaina masu cewa faifai ya fi na'urar zamani fitar da sauti na gaskiya ba. Idan awo za a yi, CD ya fi shi tsafta, ya kuma fi shi iya ɗaukar tazarar da ke tsakanin sauti mafi ƙanƙanta da mafi ƙarfi. Faifai yana da ƙaras-ƙaras, yana cinyewa kaɗan-kaɗan duk lokacin da allura ta bi ta cikin tsaginsa, kuma waƙoƙin da ke kusa da tsakiyarsa ba su kai na bakinsa fita tas ba. Sai dai akwai dalilin da ya sa kunne yake samun natsuwa da shi. Tun daga shekarun 1990 masu haɗa sauti suka shiga gasar ƙara wa waƙoƙi ƙarfi, suna matse su har ganga da murya da kirari su dawo tsayi ɗaya, domin waƙa ta fi ta maƙwabciyarta amo a rediyo. Faifai ba ya jure ƙarfin da ya wuce kima, domin idan aka yi masa yawa allura tsalle take yi ta bar layinta, saboda haka mai yanka shi yakan bar wa kiɗan wurin numfashi. A ganina wannan sararin shi ne rabin abin da mutane suke kira ɗumin faifai.

Ɗaya rabin, wanda ya fi damuna, ya shafi yadda muke saurare. Fuska ɗaya ta faifai tana ɗaukar minti ashirin ko sama da haka kaɗan, kuma babu maɓallin da za ka danna ka tsallake abin da bai burge ka a daƙiƙa goman farko ba. Dole ka tashi, ka zaro shi daga kwalinsa kana riƙe da gefensa don kada yatsa ya bar masa maiƙo, ka hure ƙurar da ke bakin allura, ka zauna. Idan fuskar ta ƙare ka sake tashi ka juya shi. Wanda ya yi duk wannan ba zai bar waƙa tana tashi ita kaɗai a gefe yana duba saƙonni ba. Mu Hausawa mun san irin wannan zama tun kafin garmaho, domin makaɗi irin Mamman Shata ba a saurarensa a tsaitsaye. Sai ka bi shi ɗiya bayan ɗiya, ka ji inda ya karya murya, ka ji yadda kalangu yake ba shi amsa kafin 'yan amshi su karɓe. Waya ta ba mu dubban waƙoƙi, amma ta rage mana haƙurin bin waƙa guda har ƙarshenta.

Kuma abin takaici ne a ce a Legas ake tambayar amfanin faifai. A da, a garin nan kamfanin EMI yake da ɗakin ɗaukar sauti a Apapa, inda mawaƙin Ingila Paul McCartney ya zo ya yi aiki a 1973. A nan Decca take da nata, a nan Fela Kuti ya fitar da faifai bayan faifai, Lemi Ghariokwu yana zana masa kwalaye da mutum zai iya zama yana karantawa kamar jarida. 'Yan kasuwarmu na Agege da Idi-Araba sun sayi faya-fayan makaɗan Arewa suna kaiwa gida tsaraba. Da kaset ya shigo, sai aka jibge su a ƙarƙashin gado ko a bayan ɗaki. Masu tara faifai daga Ingila da Jamus da Amurka suka biyo sawu suna saye da araha, kamfanoni irin su Strut da Soundway suka sake buga kiɗan Najeriya na shekarun 1970 duniya tana rububinsa. Ban ga laifinsu ba, domin sun ga daraja a inda muka ga tarkace. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne waƙoƙin Hausa ba su samu irin wannan gatan ba, kuma wadda ba a kwafe ta zuwa wani wuri ba, idan faifanta ya fashe, ta tafi ke nan.

Adana faifai a Legas aiki ne na gaske. Zafi yana lanƙwasa shi, musamman idan aka kwantar da su wani kan wani ko aka bar su kusa da taga, laimar damina kuma tana sa funfuna ta cika tsagin har allura ta kasa bi. Cikin guda arba'in da na gada daga Baba, Allah ya jiƙansa, goma sha ɗaya ne kawai suka tsira, sauran wani mai gyara da na ba ajiya ya bar su a shago mai rufin kwano suka karkace. Waɗanda suka rage a tsaye nake jera su a cikin kabad, ina wanke su da tataccen ruwa, ba na kuma kunna garmaho da janareta saboda gurnanin da yake sakawa a lasifika.

Ɗan yayar tawa ya zauna har fuskar farko ta ƙare, wayarsa tana kife a kan tabarma. Da allura ta isa tsakiya tana ƙas-ƙas, sai ya ce, "Kawu, nuna mini yadda ake juya shi." Na nuna masa inda ake riƙewa, na kuma gaya masa cewa mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu, zai zo da kwamfutarsa mu fara kwafe goma sha ɗayan nan ɗaya bayan ɗaya.