Jirgi ya yi ƙasa-ƙasa ba gwaninta ba ce

Da jirgi mai saukar ungulu ya ratso unguwa dab da rufin gidaje, sai yara su bi shi da ihu, manya su zaro waya suna ɗauka, wai matuƙin ya iya. Jama'a, ganganci ne. Ƙa'idar duniya ta ce a kan gari jirgi ya bar tazarar aƙalla mita 300 sama da abu mafi tsawo da ke kusa da shi, a daji mita 150, sai wajen tashi da sauka ko da izini na musamman.

Babban dalili shi ne wayar lantarki. Mu da ke ƙasa muna ganinta tar domin sarari ne a bayanta. Shi matuƙi daga sama yake kallo, bayanta kwanon rufi ne da jar ƙasa da bishiyoyi, sai ta saje. Ƙara masa hazon hunturun Kano, ko ranar la'asar sakaliya tana dukan gilashi. Jirgin da ke gudun kilomita 180 a awa yana cin mita 50 a daƙiƙa ɗaya. In ya hango waya a mita 150, daƙiƙa uku gare shi ya gane, ya yanke shawara, ya kauce.

Ku dubi babban layin wutar lantarki na 330kV da ya taso daga Kaduna zuwa Kumbotso ta Kano. Wayoyi masu kaurin nan na ƙasa ana iya hango su. Siririyar can ƙololuwa, mai kare layin daga tsawa, ita ce mugunyar, don matuƙi zai ɗauka ya tsallake alhali tana gabansa. Shi ya sa ake koya wa matuƙa su nemi turken da ke riƙe da wayar, su kuma tsallaka ta kan turken, ba ta tsakiya ba. Doguwar eriyar rediyo ma haka, wayoyin da suka ɗaure ta suna miƙewa nesa da gindinta.

In wayar ta kama ƙafafun jirgin, kifawa zai yi. In ta zame ta kan gilashi ta nannaɗe sandar farfela, ta karya ƙarafan da ke sarrafa ta, magana ta ƙare. Wasu jiragen na da wuƙa ɗaya a sama ɗaya a ƙasan hanci, mai yanke wayar ƙarfe da kaurinta bai wuce kusan santimita 1 ba, amma sai jirgin na da gudu kuma ya tunkare ta kusan kai tsaye. Na ƙasa ma ba su tsira ba: a 1998 jirgin sojan Amurka ya yanke igiyar motar sama, wadda ke ɗaukar fasinjoji tana rataye da igiya, a Kabalise ta Italiya, mutum 20 suka mutu.

Inda na fi jin haushi shi ne lokacin siyasa, a zaɓi filin makaranta a ce nan mai girma zai sauka, ba wanda ya ɗaga kai. Kafin jirgi ya taso wani ya zaga filin da ƙafa, ya rubuta kowace falwaya da eriya da ɓangaren da take, har wayar da aka ja daga janareto zuwa lasifika, a sanar da matuƙi. A yayyafa ruwa saboda ƙura, a kwashe rumfa da tabarmi, a matsar da jama'a. Layukan da ke kusa da hanyar jirage kuma a rataya musu ƙwallayen nan masu ruwan lemo da fari, faɗin santimita 60, duk bayan mita 30, a kan waya ta can sama.