Haɗakar haƙar Bitcoin: wa ke duba mudun mai awo?

Biyan kuɗi ta bayan fage ya zama ruwan dare a harkar haƙar Bitcoin, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne yadda masu gudanar da haɗaka, wato kamfanonin da ke tara ƙarfin na'urorin masu haƙa su raba musu lada, ke tallarsa kamar wani ci gaba. Mutum ya biya haɗaka da katin banki, a cusa masa cinikinsa cikin bulok na gaba, wato ƙunshin cinikayya da ake ƙarawa a sarƙar bayanai, rajistar Bitcoin da kowa ke iya gani. Kuɗin ba ya bi ta kan sarƙar bayanai, don haka mai na'urar da ya ƙona lantarki ba shi da hanyar ganinsa, balle ya nemi kasonsa.

A tsarin biyan lada na FPPS da manyan haɗaka ke bi, ana lissafa wa mai haƙa abu biyu: ladan bulok, wanda ya ragu zuwa Bitcoin 3.125 tun Afrilun 2024, da matsakaicin cajin ciniki da aka gani a kan sarƙa a wannan rana. Sai haɗaka ta cire nata, galibi kashi 1 zuwa 4 cikin ɗari. Duk abin da ya shigo ta wata ƙofa ba ya cikin wannan lissafi. A Fabrairun 2023 haɗakar Luxor ta haƙo bulok da ciniki ɗaya ya cinye kusan megabait 4, ba tare da ya biya ko sisi a kan sarƙa ba. Bayan rage ladan zuwa rabi a 2024, haɗakar ViaBTC ta yi gwanjon satoshin farko (satoshi shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na Bitcoin) na bulok 840,000 a kan Bitcoin 33.3, wato ya ninka ladan bulok ɗin fiye da sau goma. Irin wannan kuɗi ba shi da gurbi a lissafin FPPS. Ko an raba ko ba a raba ba, ganin damar mai haɗaka ne, alhali haƙƙi ne na masu na'ura.

Ana yawan cewa kasuwa ce ke hukunci, wanda bai gamsu ba ya karkatar da na'urarsa zuwa wata haɗaka. Wannan magana ba ta da tushe. Kafin ka tashi sai ka san an tauye ka. Na'urarka tana aika shaidun aiki ta Stratum V1, tsarin sadarwa tsakanin na'ura da haɗaka; haɗaka ce ke ƙirga wanda ta karɓa da wanda ta ce ya makara, ita ce kuma kaɗai ke ganin jimillar shaidun kowa. Mai awo ne ke riƙe da mudu, a ɗakin da ba ka shiga. Tauye kashi ɗaya cikin ɗari zai ɓace cikin hawa da saukar samu na yau da kullum.

Sannan ina za ka koma? Haɗaka biyu, Foundry USA da AntPool, sun riƙe kusan rabin ƙarfin haƙar Bitcoin na duniya. A 2024 wani mai bincike da ake kira 0xB10C ya nuna cewa haɗaka da dama masu suna daban suna raba wa na'urori tsarin bulok iri ɗaya da na AntPool. Shi ne kuma ya gano a Nuwamban 2023 cewa haɗakar F2Pool na tsallake wasu ciniki da ke cikin jerin takunkumin Amurka, ba tare da ta sanar da masu haƙarta ba. Waɗanda ke ƙarƙashin haɗakar Poolin sun ga mafi muni: a Satumban 2022 ta dakatar da cire kuɗi, ta miƙa musu takardun bashi a madadin Bitcoin ɗinsu.

Masu haɗaka na kare kansu da cewa su ke ɗaukar asarar ranar da ba a samu bulok ba. Gaskiya ne, kuma kuɗin wannan kasadar ne ake cirewa a kashi 1 zuwa 4 ɗin.

Kayan gyara suna nan. Stratum V2 na ba mai haƙa damar zaɓar cinikin da zai shiga bulok, haɗakar Ocean kuma na biya kai tsaye daga cinikin farko na bulok, wanda ke fitar da ladan. Haɗakar da ta ƙi buga rajistar shaidun aiki da duk kuɗin da ta karɓa a wajen sarƙa, manyan masu na'ura su janye mata ƙarfinsu har sai ta buga.