Maganar cewa korona ta masu kuɗi ce kawai

Har yau in aka tada zancen korona a majalisarmu ta Nyanya da ke Abuja sai ka ji wani ya ce ai cutar manya ce, talaka ba ta kama shi, ƴan jarida ne suka zuzuta. Abin na damuna gaskiya, amma na gane inda tunanin ya samo asali, wanda aka fara samu da ita a Legas ranar 27 ga Fabrairu 2020 Bature ne ɗan Italiya, sannan a Afrilu Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa a lokacin, ya rasu da ita, Allah ya jiƙansa, kuma kullum manya ake nunawa a talabijin, mu kuwa an kulle mu a gida tun 30 ga Maris babu na cefane.

To amma alƙaluman da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, ta riƙa fitarwa kowane dare a lokacin na waɗanda aka yi wa gwaji ne kaɗai, kuma mai hali shi ya fi samun gwajin. Ga shi yawancinmu matasa ne, da yawa ta kama su ba su ma kwanta ba.

Maƙwabcina ya yi kwana goma da zazzaɓi da tari, matarsa ta soya albasa a gabansa bai ji ƙamshin ba, tuwo ma ba ɗanɗano. Kemis ya je ya sayi maganin maleriya ya sha. Wataƙila korona ce, amma ba wanda ya gwada shi balle ya shiga lissafi ko labarai, kuma tsohuwar mahaifiyarsa mai hawan jini tana cikin gidan duk kwanakin nan.