Rabin doka kuka karanta, masu babur ɗin ƙanƙara

Tun da na saka hoton sawun da aka bari a mashigar gidana daren Asabar, amsa guda nake ta samu daga bakuna daban-daban kamar an haɗa baki, wai ai doka ta yarda a tuƙa babur ɗin ƙanƙara, wato abin hawa mai inji da ke sulɓi a kan dusar ƙanƙara, a lambatun gefen hanya a nan jihar Minnesota ta Amurka, saboda haka in kama bakina. To, madalla da waɗannan lauyoyi da muka wayi gari da su a dare ɗaya. Ni ban taɓa cewa doka ta hana ba. Abin da na faɗa, kuma zan ci gaba da faɗa har sai an gaji da ni, shi ne rabin dokar kuka karanta kuka rufe littafi, irin karatun wanda ya ji "kada ku kusanci salla" ya naɗe tabarmarsa bai jira ƙarshen aya ba.

Ga 'yan'uwa na gida da suka tambaya, lambatun da ake magana ba irin na siminti ba ne da muka saba tsallakewa. Kwari ne mai faɗi, mai ciyawa, da ke bin titin karkara hagu da dama, wanda dusar ƙanƙara ke cikewa lokacin hunturu har ya zama kamar wata hanya ta biyu. Sashe na 84.87 na dokokin jihar shi ne ya yi magana a kansa, kuma ba doguwar magana ba ce da za ta gagari mai son sani. Ya ce a titin jiha ko na gunduma ba a hawa kan kwalta, ba a bin kafaɗar titi, ba a bin gangaren lambatu na ɓangaren da ke manne da titi. Abin da aka bar wa mai babur shi ne ƙasan lambatun da gangarensa na waje. Manyan titunan tarayya kuwa, irin su I-94 da I-35, ko lambatunsu ba a yarda ya bi ba. Sannan ga wurin da lauyoyinmu suka tsallake: daga rabin awa bayan faɗuwar rana zuwa rabin awa kafin fitowarta, dole mai babur ya bi lambatun hannun dama, ya fuskanci inda motocin layin da ke kusa da shi suka fuskanta, sai fa inda hukuma ta keɓe wata hanya ta ce a bi ta zuwa da dawowa.

A watan Janairu rana na faɗuwa a nan wajen ƙarfe biyar. Ni kuwa bayan sallar isha'i nake komawa gida, da ɗiyata a kujerar baya tana gyangyaɗi, sai ga fitilu uku a hannun damana sun nufo ni, suna sama suna ƙasa. Duk wanda ya taɓa tuƙi a titin karkara cikin duhu, dusa na kaɗawa a gilashi, ya san abin da ƙwaƙwalwa ke raya wa mutum a wannan daƙiƙa: haske daga dama yana nufin ko dai wata mota ta shigo layinka, ko kuma kai ne ka bar naka. Na taka birki, bayan motar ya ja gefe a kan santsi, yarinyar ta farka tana cewa, "Baba, mene ne?" Ban iya amsa mata ba sai da muka tsaya cak, hannuna yana rawa a kan sitiyari. Wannan ruɗanin shi ne ainihin dalilin da ya sa aka rubuta sharaɗin bin hannun dama da dare, ba don 'yan majalisa sun rasa abin yi a St. Paul, babban birnin jihar, ba. Amma wai doka ta yarda. Rabin doka ta yarda.

Da na iso gida kuma sai na tarar da ragowar aikin. Sun mayar da tudun mashigar gidana wurin tsalle, sun karya biyu daga cikin sanduna masu launin lemo da nake kafawa don mai motar share dusa ya gane bakin hanya, sawu ɗaya kuma ya zarce har cikin farfajiya ya bi ta kan ƙananan itatuwan da na dasa bara. Wani ya rubuto mini cewa ai lambatun gaban gidana ba nawa ba ne. Na sani, Malam, kuma na riga ka sani, tun da ni nake yanke ciyawarsa duk lokacin zafi ba tare da an biya ni ko sisi ba. A yawancin ƙananan titunan karkara haƙƙin hanya, wato filin da ake lissafawa na hanya ne, yana kaiwa ƙafa 33 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, kuma ban yi gardama da wannan ba. Sai dai abin da ke da awo yana da iyaka, itatuwana kuma suna bayan iyakar nan da nisa. Haka nan dokar ta ƙayyade gudu a lambatu da mil 50 a awa ɗaya, kimanin kilomita 80, ko abin da allon titin ya nuna idan bai kai haka ba. Ta ce mai tsallaka titi ya tsaya cak tukuna, ya ba motoci hanya, ya tsallaka a miƙe ba a karkace ba, da fitilun gaba da na baya a kunne idan dare ne. Duk wannan yana cikin littafin da kuke ɗaga mini, amma ba ku kai shafin ba.

Wani ƙanena da muka zo ƙasar nan kusan lokaci ɗaya ya kira ni ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, al'adarsu ce, mu baƙi ne." Na gode da nasiha, amma ba al'adar nake faɗa da ita ba. Na san a garin Roseau na jihar nan aka kafa kamfanin Polaris mai ƙera wannan babur a 1954, na san takwaransa Arctic Cat a garin Thief River Falls ya tashi, na kuma san akwai dattawan da suka girma a kan wannan babur kamar yadda wasunmu suka girma a kan keke. Dokar da nake karantowa ba daga gida na taho da ita a jaka ba, su ne suka rubuta abinsu. Baƙon da ya ce a bi dokar masu gida ban ga inda ya yi rashin kunya ba.

Magana ta gaskiya kuma, waɗanda nake tausaya wa su ne masu bin ƙa'ida. Jihar nan tana da hanyoyin babur ɗin ƙanƙara da aka gyara na kimanin mil 22,000, kuma mafi yawansu ƙungiyoyin 'yan sa-kai ne ke kula da su, mutanen da ke fita tun kaka suna sare rassa, suna kafa alamu, suna bin manoma gida gida suna roƙon a bar hanya ta ratsa gona. Kowane tsalle da wani marar kai ya yi a mashigar gidan mutum, su ne za su biya kuɗinsa, domin ranar da manomi ya ƙosa ya ja shinge, babu wanda zai tilasta shi ya buɗe. Garuruwa ma suna da ikon kafa nasu dokokin su ƙara takurawa, kuma irin wannan ɗabi'a ce ke kai su ga yin haka. Wake ɗaya ne ke ɓata gari, a nan kuwa uku na gani.

Ban ce sun sha wani abu ba, domin ban shinshina bakin kowa ba. Amma kada a riƙa yi mini magana kamar abin wasan yara ne. A Janairun 2018 wani mai maye a kan babur ɗin ƙanƙara, wanda tuni aka ƙwace lasisinsa na mota, ya banke yaro ɗan shekara takwas a kan tafkin Chisago da ya daskare, yaron ya rasu. Daga nan aka yi dokar da ake kira da sunan yaron, Little Alan, wadda ta sa duk wanda aka samu da laifin tuƙi cikin maye ya rasa damar tuƙa mota da babur ɗin ƙanƙara da jirgin ruwa gaba ɗaya. A kan tafki abin ya faru ba a lambatu ba, amma na'urar ɗaya ce, nauyinta ɗaya, kuma lambatu ya fi tafki tarko, da bakin kwalbati da dusa ta rufe, da wayar da ke riƙe turken lantarki, da akwatin wasiƙu. Shi ya sa jihar ta wajabta wa duk mazauninta da aka haifa bayan 31 ga Disamba 1976 ya mallaki takardar shaidar koyon tuƙa shi, ta kuma wajabta hular kwano ga wanda bai kai shekara 18 ba. A darasin nan ana koyar da batun hannun dama da dare, don haka ko dai ba su je ba, ko kuwa sun je sun yi barci.

Abin da ya ba ni dariya da nake bin dokokin shi ne, a yankin noma na jihar an hana ƙananan babura masu ƙafa huɗu bin waɗannan lambatun daga 1 ga Afrilu zuwa 1 ga Agusta, in ba don aikin gona ba, saboda tsuntsayen da ke yin ƙwai a cikin ciyawar. Akwai wata mai kama da fakara da ta yi sheƙa a gaban gidana bara, na dinga kewaye ta da injin yankan ciyawa har ta ƙyanƙyashe ta tafi da 'ya'yanta. Ita dai an ba ta wata huɗu cur babu mai damun ta, ni kuwa gobe da safe zan je kanti in sayo sababbin sanduna, kuma ƙasar ta daskare har sai na haɗa da guduma kafin su shiga.