Malamin da yake kwana a garinmu

A 1977 aka kai ni firamare, shekara ɗaya bayan gwamnatin Obasanjo ta fara shirin UPE na ilimi kyauta. Lokacin Katsina tana cikin jihar Kaduna. Babu mai takardar haihuwa a ƙauyenmu, sai hedimasta ya ce in ɗora hannun dama bisa kai in taɓo kunnen hagu. Na taɓo, aka rubuta sunana.

Gindin tsamiya ne ajinmu. Ƙararrawa kuwa tsohon wilin mota ne da aka rataye a reshe, monita ya riƙa dukansa da ƙarfe. In allo ya koɗe, mu daka gawayi da ɗanyen ganye mu shafe shi. Da hunturu muna zaune a ƙasa, ƙafafu duk faso, aljihu cike da magarya da aduwa. Amma wallahi mun iya karatu, kuma na san dalili: malaminmu a garin yake kwana.

Ɗaki ɗaya mai gari ya ba shi kusa da zaure. Sahu ɗaya yake sallah da iyayenmu, ana suna yana nan, ana jana'iza yana nan. Da asuba muna makarantar allo, hantsi ya yi mu tafi boko, da yamma ka gan shi da alaramma a tabarma ɗaya suna hira. Shi ya sa iyayen da suke ɗari-ɗari da boko suka saki jiki. Ba zan manta wata damina ba, mahaifina ya tsare ni a gona. Sai ga malam har bakin kunya, wando a naɗe.

"Malam, a bar min shi yau, ciyawa ta ci ƙarfina."

"Baba, ka ba ni shi zuwa azahar. Da la'asar ni da kaina zan zo in kama maka."

Kuma ya zo, da fartanyar aro. Da muka kai aji shida, shi ne yake tara mu da daddare a gaban fitilar ƙwai, da kananzir ɗin kuɗinsa, yana shirya mu wa jarrabawar shiga sakandare. Ƙaramar takardar shaidar malanta ta Grade Two kawai gare shi. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Kwanan baya, da ƙaramar Sallah, na je gida. Makarantar ta samu ajujuwa na bulo da rufin kwano, har da fenti. Malamai kuwa duk a hedikwatar ƙaramar hukuma suke zaune, kan babur suke zuwa, ranar da hanya ta yi kyau. Ban ga laifinsu sosai ba. Albashin bai taka kara ya karya ba, babu gidan da za su zauna, ga tsoron masu garkuwa da mutane. Amma ni a ganina, kafin a sake ba da kwangilar katanga ko fenti, a gina wa malami ɗaki biyu a cikin gari, a kuma ɗauki 'ya'yan ƙauyen da suka gama karatun malanta na NCE suna zaune ba aiki. Su babu inda za su, kuma suna jin kunyar idon iyayen yaran.

Na tambayi ƙanena sunan malamin da yake koyar da ɗansa ɗan aji huɗu. Ya yi shiru, sannan ya ce bai taɓa ganinsa ba.